Kare a Gidan Cin Abinci: Haƙƙin Wa Ake Takawa?

Makon nan ni aka miƙa wa alƙalami, kuma na san wasu da ganin kan maganar za su yi dariya. Za su ce duk abin da ke damun Kano, ga tsadar abinci, ga ƙwacen waya, ga rashin wuta, sai zancen kare? Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe. Ni ma ban ɗauki abin da muhimmanci ba sai da na gani da idona.

Makonni uku da suka wuce wani abokinmu ya samu aiki, ya ce zai saya mana gasasshen kifi. Bayan sallar isha'i mu huɗu muka hau adaidaita daga Kaura Goje muka nufi wani wurin cin abinci a Nasarawa GRA, irin mai fili a waje, an jera teburori da kujerun roba ƙarƙashin bishiyoyi. Ba mu daɗe da zama ba wata mota ta tsaya. Wani matashi ya fito, bai fi sa'ana ba, yana riƙe da sarƙa, a ƙarshen sarƙar kuma ga wani ƙaton kare baƙi mai faɗin ƙirji, irin wanda masu kiwo ke kira Rotwaila. Babu takunkumi a bakinsa. Matashin ya samu wuri ya zauna, ya ɗaura sarƙar a ƙafar kujerar roba, kujerar da ko yaro ɗan shekara biyar zai iya ja.

A teburin da ke kusa da shi akwai wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu uku. Ƙaramar, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ta saki cokali ta haye jikin mahaifiyarta ta ƙanƙame ta. Aka yi lallashi, ta ƙi sauka. Can na ji mahaifiyar ta ce wa ma'aikaci ya naɗe musu sauran abincin su tafi da shi gida. Ba su yi faɗa da kowa ba, ba su ɗaga murya ba. Sun biya kuɗinsu sun tafi. Shi kuwa mai karen da aka kawo masa kifinsa, ya ci rabi, ya sauke farantin ƙasa, karen ya lashe shi tas.

Don in yi adalci: karen nan bai ciji kowa ba, ko haushi bai yi ba. Ya fi wasu mutanen da na sani natsuwa a wurin cin abinci. Amma da muka tashi tafiya na tambayi ma'aikacin da ya ɗauke farantin ko wurin nasu ya yarda a shigo da kare. Ya waiwaya ya ga babu mai jin mu, ya ce: "Yallaɓai, ni yaron gida ne. In na yi magana ya kai ƙarata, aikina ne zai tafi."

A hanyar komawa musu ya kaure a cikin adaidaita. Ɗaya ya ce haramun ne, kare najasa ne, ya kamata a rufe wurin. Ɗaya ya ce wannan ƙauyanci ne, a Turai mutane na shiga gidan abinci da karnukansu, duniya ta ci gaba mu muna nan. Na yi shiru ina sauraro, domin a ganina dukkansu sun kauce wa inda matsalar take. Ra'ayina shi ne wurin da jama'a ke taruwa su ci abinci ba wurin zuwa da kare ba ne a garin nan, kuma babban dalilin shi ne haƙƙin mutanen da ke zaune a wurin, waɗanda ba a nemi izininsu ba. Bari in bi hujjojin abokan nawa ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da mai cewa najasa. Ni ba malami ba ne, difloma ce da ni daga kwalejin kimiyya da fasaha, sai ɗan abin da na tsinta a makarantar zaure. Amma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu a ƙasar nan ya ji cewa a mazhabar Imam Malik, wadda ita ce mafi yawanmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa. Umarnin wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai, malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bin umarni don bauta, ba wai don jikin karen ƙazanta ne ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suka tsananta suka ce najasa ce mai kauri. Ke nan mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun da daɗewa, kuma duk wanda ya gina hujjarsa a kan najasa kaɗai, mai kare da ya yi ɗan karatu zai iya rufe masa baki cikin minti biyu.

Sai dai shi ma mai karen kada ya yi saurin murna. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan Kano har gobe, bai yarda a ajiye kare a gida haka siddan ba, sai don wata buƙata kamar tsaron gona, ko kiwo, ko farauta. Malamai sun faɗaɗa zuwa gadi idan akwai tsoron ɓarayi, har ana ba da labarin cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana jin tsoro. Abin lura a nan shi ne kare a wurin malamanmu ma'aikaci ne, an ba shi dama saboda aikinsa. To wane aiki yake yi a ƙarƙashin teburin gasasshen kifi? Gidan da aka saye shi don ya tsare, an baro shi babu mai gadi.

Haka abin yake a al'adarmu. Bahaushe bai taɓa rabuwa da kare ba. Duk wanda ya taso a unguwanninmu ya ga 'yan farauta da rani, sun cika mota da karnukansu za su daji. Makiyayi na da nasa, mai gona a bayan gari na da nasa. Har karin magana muke da shi cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Amma a duk gidan da na sani ana kiwon kare, yana da wurin kwanansa, yana da kwanonsa da ba a haɗa shi da na mutane. Kakata ta kan ware wani tsohon kwano mai lanƙwasasshen baki, kowa a gidan ya san na kare ne, ko baƙo ya zo ba za a yi kuskuren zuba masa ruwa a ciki ba. Ba ta tsani karen ba, ita ce ma mai tuna cewa ba a ba shi abinci ba. Ta dai san iyakar kowa.

Yanzu ga mai cewa a Turai haka ake yi. Gaskiya ne, a Faransa za ka iya ganin kare kwance a gefen ƙafar mai shi a gidan abinci, idan mai wurin ya yarda. Amma abokina bai faɗi abin da ke ƙarƙashin wannan ba. Tun 1999 Faransa ke da doka a kan karnuka masu haɗari, kuma irin wannan Rotwailar da muka gani yana cikin rukunin da dole a sa masa takunkumi, babban mutum ya riƙe shi da igiya a duk wurin da jama'a suke, sannan mai shi sai ya mallaki takardar izini. Wato da matashin nan a birnin Faris ya yi abin da ya yi a GRA, da ya karya doka. A Ingila tun 2016 dole a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi da ita, don in ya yi ɓarna a san ƙofar da za a buga. A Amurka kuwa, ƙa'idar tsaftar abinci ta hukumar kula da abinci da magunguna ba ta yarda kare ya shiga cikin ɗakin cin abinci ba, in ba karen da ke taimaka wa mai buƙata ta musamman ba. Sai a 2022 ƙa'idar ta yarda a zauna da kare a filin waje, shi ma sai hukumar lafiya ta yankin ta amince.

Ka ga ashe mutanen da muke kwaikwayo ba sakaka suka bar abin ba. Sun fara gina doka da rajista da rigakafi, sannan suka buɗe ƙofa. Mu kuma mun ga hoton a Instagram, mun ɗauko karen da sarƙar, mun bar dokar a can.

Babban bambancin ma shi ne ciwon haukan kare. Ingila ta rabu da shi a cikin dabbobinta na ƙasa tun 1922, Faransa kuma tun 2001. Mu yana nan tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cuta ce da in alamunta suka bayyana, sai dai a yi ta addu'a, domin da wuya a tashi. Kuma ba sai an yi mummunan cizo ba, yawun kare mai cutar in ya taɓa sabon rauni ko ido ko baki ya isa.

Wannan ba a littafi kawai na karanta ba. Ina aji biyu a sakandare wani kare da ba a san mai shi ba ya ciji ƙanina a ƙauri yana dawowa daga Islamiyya. Na tuna maƙwabta sun taru, wannan ya ce a shafa toka, wancan ya ce a nemo gashin karen a ƙona a sa a wurin. Allah ya taimake mu wata ma'aikaciyar jinya a layinmu ta ce a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a daren. Mahaifinmu ya yi yawo kafin ya samu allurar, sai da ya ci bashi, kuma sau biyar aka yi ta cikin wata guda. Ƙanina ya warke, yanzu ya fi ni tsawo. Amma har yau in ya hango kare sai ya tsallaka titi. Da shi ne a teburin nan na GRA, da bai iya haɗiye ko loma ɗaya ba, kuma babu wanda ya isa ya ce masa baƙauye.

Na san amsar da masu kiwon karnukan waje za su ba ni, domin ina da abokai a cikinsu. Za su ce karen da aka saya da kuɗi masu yawa, ake kai shi wurin likitan dabbobi, ake masa wanka da sabulu na musamman, ya fi karen bola nisa da wannan cuta. Na yarda. Mai yiwuwa karen da muka gani an yi masa duk alluransa. Amma wa ya sani a cikin waɗanda ke zaune? Ba a rubuta a goshinsa ba. Babu wanda ya nemi katin rigakafi a bakin ƙofa. Uwar yaran nan ba ta da hanyar bambance karen da aka yi wa allura bara da wanda aka sayo jiya a gefen titi da takardar bogi. Mai kare yana cewa "ba ya cizo", amma wannan sani nasa ne shi kaɗai, sauran mutane kuma an bar su da fargaba. Kuma duk karen da ya taɓa cizon mutum, akwai ranar da mai shi ya ce ba ya cizo.

Sannan in an buɗe wannan ƙofa, ina za a tsaya? In mai mota ya shiga da karensa gidan abinci a GRA an yi shiru, da wane baki za a hana ɗan farauta zama da karnukansa uku a bencin mai shayi a Gama ko Gwagwarwa? Ko kuwa dokar ita ce karen mai kuɗi ya shiga, na talaka a jefe shi? Idan har abin da ya bambanta su shi ne farashin kare da irin motar da aka zo da shi, to mun koma maganar aji, ba maganar son dabbobi ba.

Wannan ya dawo da ni kan ma'aikacin nan, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Shi ne zai ratsa gefen karen da tire cike da abinci mai zafi. Shi ne zai sunkuya ya ɗauki farantin da aka lashe, ya kai wa mai wanke-wanke, wadda ƙila ita a fahimtarta najasa ce, kuma ba a tambaye ta ba. In karen ya yi fitsari ko kashi, shi zai kwashe. In ya fizge kujerar ya kai wa yaro cafka, shi za a fara tuhuma don me bai hana ba. Albashinsa na wata ƙila bai kai kuɗin abincin karen ba. Mai kare ya zo ya huta na awa ɗaya, ya bar wa wanda ba shi da bakin magana duk wahalar.

Ko karen kansa ban ga an kyauta masa ba. Likitocin dabbobi na gargaɗi cewa albasa da tafarnuwa na lalata jinin kare, ga shi kuwa gasasshen kifinmu da tsirenmu ba sa rabuwa da su. Ƙayar kifi da dafaffen ƙashin kaza na iya maƙale masa a maƙogwaro ko su huda hanji. Wasu karnukan da ake shigo da su masu kaurin gashi ne, na ƙasashen sanyi, ga Kano a watan Afrilu zafi na haura digiri 40. A ɗauko irin wannan a sa a mota, a kawo shi cikin hayaniya da hayaƙin gashi da baƙin fuskoki, don kawai a ɗauki hoto, wannan ba ƙauna ba ce. Mai son karensa ya fita da shi da sassafe ko da yamma inda babu cunkoso, ya bar shi ya motsa jiki, ya dawo da shi gida ya ba shi abincin da ya dace da shi.

Kafin masu ƙin kare su tafa mini, ku ma ina da magana da ku. Sau nawa muka ga yara sun bi ɗan kwikwiyo da jifa har ya mutu, manya na zaune a majalisa suna dariya? Sau nawa aka zuba wa kare ruwan zafi don ya leƙa ƙofar gida? Addinin da muke kafa hujja da shi ya ba mu labarin wanda aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya kuma ambaci karen Ashabul Kahfi a bakin kogonsu, ya halatta abin da horarren kare ya kamo. Cewa kare bai dace da teburin cin abinci ba, ba lasisin zaluntarsa ba ne. Ina ma zargin cewa wasu matasan da ke yawo da karnuka suna nuna su, martani suke yi ga wannan muguntar da suka taso suna gani. Sun wuce gona da iri, amma mu ma da namu laifin.

Akwai kuma togaciya ɗaya da ba zan ɓoye ba. Kare mai yi wa makaho jagora ba abin ado ba ne, idon mutum ne. A nan mun fi sanin sanda da ɗan jagora, amma a wasu ƙasashe horarren kare ke wannan aiki, kuma dokar Amurka ta 1990 da ta Birtaniya ta 2010 sun hana gidan abinci korar mai irin wannan kare. A 2008 wata majalisar malaman Musulunci a Birtaniya ta ba da fatawa da ta bai wa wani makaho a birnin Lesta damar zuwa masallaci da karensa, a ajiye shi a wani keɓaɓɓen wuri a wajen inda ake sallah. Najeriya ma tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Ranar da makaho ya zo gidan abinci a Kano da irin wannan kare, ni zan fara matsa masa kujera. Lalura daban, ƙawa daban.

To mene ne abin yi? Nauyi na farko a kan masu gidajen abinci yake. Ku yanke hukunci ku rubuta a allo a bakin ƙofa da Hausa da Turanci, don kada a bar yaron da ke kai abinci da mai gadi su riƙa fuskantar mai kuɗi su kaɗai. In kun ga akwai ciniki a wurin masu karnuka kuma kuna so, ku ware musu gefe guda mai shinge da ƙofarsa daban, a nuna katin rigakafi kafin a shiga, manyan karnuka da takunkumi, kwanon karnuka daban, kuma duk mai shigowa ya san da hakan tun daga waje don ya zaɓa wa kansa. Abin da ba daidai ba shi ne mutum ya zo da iyalinsa, ya biya kuɗi, abinci na gabansa, sannan ya tsinci kansa kusa da kare.

Masu karnuka kuma, ku yi wa dabbobinku allurar haukan kare a kan lokaci, ku adana katin. In yunwa ta kama ku a hanya kuna tare da kare, ku sa a naɗe muku ku tafi da shi gida. Ba a rage ku da komai ba.

Hukuma ma tana da nata. Ƙananan hukumomi na da duba-gari masu zagaya wuraren sayar da abinci, a ƙara musu wannan a cikin abin da suke dubawa. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar na daina yaɗuwa, kuma ƙasar nan na da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom ta jihar Filato da ke yin allurar. Duk 28 ga Satumba ana bikin ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Maimakon taro a otal, a fito unguwanni irin su Kaura Goje da Dakata da Tudun Wada a yi wa karnukan 'yan farauta da na gadi allura kyauta. Wannan zai fi amfanar yara irin ƙanina fiye da duk musun da muke yi.

Har yanzu ina tuna yarinyar nan da ta saki cokalinta. Ƙila mahaifinta ya daɗe yana tara kuɗin fitar nan, ƙila alƙawari ya yi musu. Sun koma gida da abinci a leda, mai karen kuwa ko ɗago kai bai yi ba, ina jin bai ma san sun tashi saboda shi ba.

Wannan shi ne ra'ayina, kuma ra'ayi riga ce. Malaman da ke cikin zauren nan, in na yi kuskure a abin da na faɗa na fiƙihu ku gyara mini. Masu kiwon karnuka, ina son jin ta bakinku, musamman wanda ya taɓa zuwa irin wannan wuri da nasa. In kuma akwai wanda ya taɓa aiki a gidan abinci, shi na fi so ya yi magana, domin shi ne ba a cika tambaya ba.

Allah ya sa mu dace. Sai wani makon.

Daga Kaura Goje, Kano.